Atemiya ta ƙi ƙyanƙyashewa a sanyin nan: gishiri ne, iri ne, ko iska?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman agaji. Kifin ado na enjel da nake kiwo sun yi ƙwai a jikin ganye, sun ƙyanƙyashe, yanzu 'ya'yan suna manne wuri ɗaya suna kaɗa jela, gwaiduwar cikinsu ba ta ƙare ba tukuna. Da zarar sun tashi iyo abinci za su nema. Na haɗa ƙwan atemiya, wato ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ƙyanƙyasa don ciyar da 'ya'yan kifi, a gorar ruwa, lita ɗaya, da gishiri, da injin iska. Awa 24 ta cika, na haska tocila, 'yan ƙalilan ne kawai ke motsi, sauran ƙwan na nan ruwan ƙasa yadda na zuba shi. A Zariya nake. Me ya kamata in yi kafin yaran nan su tashi?

Na Maraɗi: Wa alaikumus salam ƙanena. Wane gishiri ka sa? In na leda ne mai aidin, to shi ne. Ni gishirin Bilma nake nema, wanda ba a taɓa shi da komai ba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam Na Maraɗi, a yi mini afuwa, ban yarda laifin gishiri ba ne. Da gishirin girki mai aidin nake haɗa tawa, tana kuma fita. Aidin ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Shi kuma na Bilma ai kala biyu ne: beza, na ci, shi ne mai tsabta, kantu kuwa na dabbobi ne, a gauraye yake da ƙasa da kanwa, ba ka san abin da ka zuba ba. Ɗana, kafin a je ga gishiri, ina ka ajiye gorar? Ka sa hannu a ruwan da asuba ka ji?

Ɗan Tudun Wada: Mama, a baranda take, kusa da soket. Da asuba ruwan kamar na randa, har yatsa na ƙagewa.

Maman Ilham: To ga amsarka nan. Kada ka zubar, ƙwan na da rai, sanyi ne ya riƙe shi. Atemiya tana son ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 28, a nan ne take fita cikin awa 18 zuwa 24. In ruwa ya sauka kusa da digiri 20, sai ta kai awa 36, wani lokaci har 48, kuma ba tare take fita ba, wasu yau wasu gobe. Daren Zariya a hunturu kuwa ya fi haka sanyi, balle a baranda inda iska ke bugun gora ta ko'ina, ga injin ma iskar sanyin yake turawa cikin ruwan.

Ka shigar da ita ɗaki yanzu. In kana da hitar akwatin kifi, ka zuba ruwa a bokiti, ka sa hitar a bokitin, ka tsayar da gorar a ciki. In babu, ka nemi kwali ka rufe gorar tare da ƙwan lantarki irin na da mai zafi, amma kada ya taɓa kwalin ko robar. Wannan ya ba ka abu biyu, ɗumi da haske, don hasken ma yana tayar da ƙwan, musamman a awannin farko bayan ya jiƙa. In wuta babu, kular abinci ma ta isa: ruwan ɗumi a ciki, gora a tsakiya, kana canza ruwan ɗumin in ya huce. Ɗumi na ce, ba zafi ba. In ya haura digiri 33 ka fara kashe su.

Na Maraɗi: Hajiya, na karɓi maganar sanyi. Amma ni dai na ga bambanci a gishiri da idona.

Maman Ilham: Mai yiwuwa bambancin awo ne ka gani, Malam. Gishiri mai tsakuwa da mai laushi ba su cika cokali ɗaya da nauyi ɗaya ba. Abin da ake nema giram 25 zuwa 30 a lita, wajen cokalin cin abinci ɗaya da rabi a shafe. Ko ya sauka zuwa 15 tana fita. Ka haɗa gora biyu gefe da gefe, iri ɗaya, ɗumi ɗaya, ka auna gishirin da sikeli, sai ka faɗa mana.

Baban Sadiya: Salamu alaikum. Na karanta duka. Yaro, maganar da Hajiya ta faɗa maka gaskiya ce, ka bi ta. Amma ni tambayata daban ce: me ya kai ku wannan wahalar tun farko? Ni tarwaɗa nake ƙyanƙyasa a nan Kano. 'Ya'yan tarwaɗa suna shanye gwaiduwarsu a kwana na uku zuwa na huɗu, daga nan sai abinci, in ka makara su fara cin junansu. A da mu ma gora muke jerawa. Kana barci a ɗauke wuta, iska ta tsaya, ƙwai ya kwanta a gindin gora ya danne juna, da safe ka buɗe ka ji wari. Ga dubban 'ya'yan kifi sun buɗe baki suna jira. Tun da ɓararriyar atemiya ta shigo, wadda aka cire wa ɓawo aka busar, na huta. Ka jiƙa ta 'yan mintuna, ka yayyafa kaɗan-kaɗan, shi ke nan. Babu gora, babu gishiri, babu fargabar wuta. Kuma ƙarfin da ɗan halittar zai ƙona wajen fasa ɓawo da iyo, yana nan cikin ƙwan, kifinka ne zai ci shi. Ni a ganina mai kifin ado ma ita ta fi masa.

Maman Ilham: Alhaji, Allah ya ƙara girma. A kan tarwaɗa ba ni da ja, kai ne malaminmu. Amma tarwaɗa da enjel ba halinsu ɗaya ba. Ɗan tarwaɗa da gashin baki da sansane yake neman abinci, yana lalube a ƙasa, ko cikin duhu zai ci. Ɗan enjel da ido yake farauta. Abin da ya gilma yana tsalle-tsalle a gabansa shi yake kai wa cafka. Ɓararriyar tana nutsewa ta kwanta, da yawansu sai su bi ta kanta su wuce, su mutu da yunwa abinci na ƙarƙashinsu. Sannan wadda ba a ci ba tana ruɓewa a ƙaramin akwati da wuri. Kai kana da ruwa mai gudana yana wanke maka, shi yaron nan akwatin gilashi ne a ɗaki.

Baban Sadiya: Wannan kuma hujja ce, Hajiya. To kifayen ado irin su gofi da moli fa? Su da ake haifarsu da girmansu?

Maman Ilham: Su kam suna cin ɓararriya, har garin abincin manya suna ci. Duk da haka in na ba su mai rai a makon farko ina ganin bambanci a girma da launi.

Baban Sadiya: Bambancin da zai biya kuɗin batir da rashin barci? Ni ban gamsu ba. Amma a ci gaba.

Injiniya Sola: Alhaji, ranka ya daɗe, matsalar wutar ta yi sauƙi yanzu. Ƙaramin injin iska wat biyu zuwa biyar kawai yake ci. Akwai masu igiyar USB da ake jona wa fawa bank na waya, akwai masu batir a ciki da ke karɓa da kansu in an ɗauke wuta. Gora ɗaya ko biyu ba sa buƙatar janareta.

Ɗan Tudun Wada, yaya ka tsayar da gorar? In a tsaye take kan gindinta, akwai lungunan da ƙwai ke taruwa iska ba ta kai musu. Ka yanke gindin, ka kifa ta baki a ƙasa da murfinta a rufe, ka zura ta cikin wata gorar da ka yanke rabi don ta zauna. Tiyon iska ya sauka har cikin murfin, can ƙasan mazurarin, ta yadda duk ƙwan da ya gangaro kumfa za ta ɗaga shi sama. Kada ka sa dutsen kumfa, wato ɗan dutsen nan mai farfasa iska ta zama ƙananan kumfa, a bakin tiyon. Ƙananan kumfa suna kwashe ƙwai su manna shi a bango sama da ruwa, ya bushe a can. Manyan kumfa ake so, ruwa ya riƙa juyawa. Ni sabon tiyon ƙarin ruwa nake saya a kemis, don yana da ɗan abin murzawa da ake rage gudu ko ƙarawa da shi. Sabo na ce, a ledarsa, ba wanda aka yi aiki da shi ba.

Ɗan Tudun Wada: Yaya Injiniya, a tsaye take, da dutsen kumfa. Yanzu zan juye a sabuwar gora yadda ka ce. Na riga na shigar da ita ɗaki, tana cikin bokiti da hita.

Ummu Zainab: Don Allah ni sabuwa ce, kada a gaji da ni. Wai shi wannan garin mai kama da ƙasa da gaske rai ne a ciki? Daga ina ake kawo shi, kuma me ya sa yake da tsada haka?

Ɗalibin Kifi: Anti, rai ne sosai. Atemiya 'yar ƙaramar dangin jatan lande ce da ke rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya fi ƙarfin kifi, shi ya sa babu kifin da ke cinye ta a can. In yanayi ya yi daɗi 'ya'ya take haifa masu rai. In gishiri ya yi yawa ko sanyi ya matso, sai ta saki ƙwai mai taurin ɓawo, ɗan tayin ciki ya dakata da komai, kamar yadda gaiwa ke kwanciya a busasshen taɓo har ruwa ya dawo. In a bushe yake zai yi shekaru a haka. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwai dubu 200 zuwa dubu 300.

Mafi shaharar wurin da ake kwaso shi shi ne babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka. Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Janairu jiragen ruwa ke kewaye ƙwan da ke yawo a saman ruwa su zuƙe, a wanke, a busar, a zuba a gwangwani. Ana kuma samu daga Sin da Rasha da Kazakistan, a Biyetnam kuwa noma ta ake yi a kududdufan gishiri na Vinh Chau. Tun shekarun 1930 aka gano amfaninta ga 'ya'yan kifi, ta hannun masana irin su Alvin Seale a Amurka a 1933 da Rollefsen a Norwe a 1939. Jami'ar Ghent ta Beljiyam ma tana da cibiya guda a kanta tun 1978. Tsada kuwa abu biyu ne: da dala ake shigo da ita, sannan masu kiwon jatan lande na duniya su ne manyan masu saye, mu 'yan kaɗan muke ɗiba. Shi kansa tafkin na Utah ruwansa na ja da baya, a 2022 ya sauka ƙasa da duk yadda aka taɓa aunawa.

Ummu Zainab: Subhanallah. Allah mai iko. Na gode ƙanina.

Na Katagum: Tunda an zo nan, bari in ƙara wani abu da ya shafe mu. Akwai ɗan ƙaramin kifi da aka fara rubuta bayaninsa a 1928 daga kogin Kiyawa, kusa da Katagum, har sunan wurin aka sa masa, kiyawensis. A kududdufan damina yake rayuwa. In rani ya zo iyayen su mutu, ƙwan ya zauna cikin laka sai ruwan baɗi. Masu kifin ado a Turai suna kiwon irin waɗannan kifaye, suna aika wa juna ƙwansu. Mu da abin ke bayan gidanmu ko kallonsa ba ma yi. Ina da burin in gwada kiwonsa in damina ta sauka, shi ya sa nake bin wannan bayani na atemiya da kyau.

Na Maraɗi: Wata tambaya. Na ji ana cewa a sa kanwa kaɗan. Gaskiya ne?

Maman Ilham: Asalin maganar gaskiya ce. Atemiya ba ta son ruwa mai tsami, tana son ma'aunin pH ya kai 8 ko ya ɗan haura, don sinadarin da ɗan tayin ke narkar da fatarsa ta ƙarshe da shi a nan yake aiki. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu na da ɗan tsami, sai ka ga ƙwai ya fashe, ɗan na rataye a ƙarƙashin ɓawo cikin 'yar jakarsa, ya kasa fita. Maganinsa bekin soda, kwatan cokalin shayi a lita. A kula, soda, ba hodar da ake sa wa kek ba. Kanwa za ta iya yin aikin, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ta fi soda kaifi. In dole sai ita, ka jiƙa, ka tace, ka ɗiga kaɗan, ka gwada da ƙwai ɗan kaɗan tukuna. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin.

Baban Sadiya: Abin da ba a taɓo ba shi ne irin kansa. Yaro, a gwangwani ka saya ko a ƙulli?

Ɗan Tudun Wada: A ƙullin leda, Baba. Ba ni da ƙarfin gwangwani.

Baban Sadiya: Babu laifi, kowa da ƙarfinsa. Amma ka sani danshi shi ne ajalin wannan ƙwai. Gwangwani a rufe yake ba iska. Ranar da aka fasa shi aka ƙulla a leda, aka ajiye a shago cikin zafi, daga ranar yake raguwa. In ya sha danshi ɗan tayin yana farkawa ya fara cin guzurinsa, ba ruwan da zai fita, sai ya ƙare a ciki. Ka raba naka ƙananan ƙulli, ka zuba a kwalba mai murfi, ka sa a firij. In ka ɗauko, ka bari kwalbar ta huce daga sanyin kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai. Kuma duk mai saye ya duba launi: mai ɓawo ruwan ƙasa ne, shi ke ƙyanƙyashewa. Ɓararriyar busasshiya ruwan lemo ce, ko wata guda ka yi kana busa mata iska ba abin da zai fito.

Kuma tunda kun nace sai mai rai, ana iya ɓare ƙwan a gida ya kuma ƙyanƙyashe. A jiƙa shi awa ɗaya a ruwan daɗi da iska, a zuba bilic na wanki marar turare, ana juyawa. Za ka ga ya tashi daga ruwan ƙasa zuwa toka-toka, sannan ruwan lemo, cikin 'yan mintuna. Yana komawa ruwan lemo ka tace, ka yi ta ɗauraya har warin ya ɓace gaba ɗaya. In ka yi jinkiri bilic ɗin zai ƙone su. Ribarsa babu ɓawon da za ka yi ta fama da shi. Amma ban ba sabon shiga shawarar ya fara da wannan ba, kuma a sa safar hannu, a yi a waje.

Ɗan Tudun Wada: Alhamdu lillahi! Jama'a gora ta koma ruwan lemo. Na kashe fitila na haska tocila a gefe, sai ga su sun taru a wurin hasken kamar hayaƙi, suna ta zillo. Yaran enjel ma wasu sun fara sakin ganye. Yaya zan kwashe?

Maman Ilham: Madalla ɗana. Cire tiyon iska, ka rufe saman gorar da baƙin ƙyalle, ka haska tocila a ƙasa wajen murfi, ka ba ta minti biyar zuwa goma, kada ya wuce haka don ba iska. Za ta rabu uku: ɓawon da ba komai a ciki ya taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta can ƙasa, masu rai su taru a ɗan samansa inda haske yake. Su za ka zuƙo da siririn tiyo ko sirinji, a hankali. Ka tace a farin hankici mai ƙaramin saƙa, ka ɗauraye da ruwan daɗi, sannan ka kaɗa a ƙaramin kofi ka riƙa ɗiga musu. Ruwan gorar kada ya shiga akwatinka, gishiri ne da ƙazanta. Ɓawo ma ka kiyaye shi, ba ya narkewa, yana toshe hanjin ɗan kifi.

Ga abin da na fi so kowa ya riƙe. Ɗan atemiya a awanninsa na farko ba ya cin komai, guzurin gwaiduwarsa yake ƙonawa, kuma guzurin nan shi ne abincin da kake son kifinka ya samu. Bayan kamar awa takwas zai saɓule fata, ya ƙara tsawo, ya ƙara gudu, launinsa ya kwashe, amfaninsa ya ragu. Wanda ya kwana biyu a gora yana iyo ba abin kirki a jikinsa. Saboda haka gora biyu ake yi, ɗaya a haɗa da safe, ɗaya da yamma, kowacce da ƙwai kaɗan, rabin cokalin shayi a lita ya isa har ya yi yawa ga 'ya'yan uwa ɗaya. Ragowar ka zuba a faranti mai faɗi da sabon ruwan gishiri ka sa a firij, ba wajen ƙanƙara ba, za su kai gobe da ƙarfinsu.

A ruwan daɗi 'yan awanni suke yi su mutu, don haka kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana. Bayan minti ashirin ka duba cikin yaran da tocila. Wanda ya ci za ka ga tumbinsa ya yi ruwan lemo ya kumbura. Waɗanda ba su saki ganye ba tukuna ba sa ci, kada ka zuba dominsu.

Ummu Zainab: Mama, 'ya'yan kifin beta ma haka?

Maman Ilham: Su bakinsu ya fi ƙanƙanta. Kwana biyu ko uku na farko ƙananan halittun ruwan da aka jiƙa ganye a ciki ake ba su, sannan a shiga atemiya sabuwar fita.

Injiniya Sola: A tuna kuma bazara na tafe. A Maris da Afrilu matsalar juyawa take yi, ɗaki mai rufin kwano ruwan gora zai wuce 33 da rana tsaka. Lokacin sai a tsoma gorar cikin ruwan randa a inuwa, a kuma riƙa haɗawa da yamma.

Baban Sadiya: Yaro, ga roƙona. In yaran sun yi mako suna cin mai rai, ka ware goma a wani akwati ka fara haɗa musu da ɓararriya, kana rage mai ran a hankali. Ni zan aiko maka da ita ta hannun direba, ba sai ka saya ba. Ina so a gani a zauren nan ko sun karɓa.

Maman Ilham: Bayan mako guda zan yarda za su iya karɓa, Alhaji. A ranar farko ce ban yarda ba. Ɗana, akwatin gwajin ya zama ba yashi a ƙasa, don ka ga abin da suka bari ka zuƙe shi kafin dare.

Ɗan Tudun Wada: In sha Allahu haka za a yi. Na ɗiga musu na farko, na ga jan ciki a wajen waɗanda suka tashi. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na haɗa gora ta biyu yanzu.

Na Katagum: Ni kuma shawara: tunda ƙullin kasuwa ba tabbas, mu haɗa kuɗi mu sayi gwangwani ɗaya a rufe, a fasa a raba rana ɗaya kowa ya kai firij. Ni da Na Maraɗi mun zama biyu. Alhaji, kai ka san masu kawowa, za ka tsaya mana a kan sayen?